Sandar sauti, saiti mai lasifika shida, ko amfilifaya: wanne ya dace da falonka a Abuja?

Talabijin ɗin zamani ya yi sirantar da babu wurin cusa masa lasifika ta kirki. 'Yan mitsi-mitsin da ke cikinsa ƙasa suke kallo ko bango, shi ya sa za ka ƙure murya har mai barci ya farka, amma maganar mai karanta labarai ba ta fita tas. Daga nan maigida yake fara lissafin sayen hom tiyata, ya nufi Banex a Wuse 2 ko kasuwar Wuse, ko ya hau Jumia da Jiji yana duba hotuna. Kaya kam ga su nan birjik. Sai dai abin da aka fi tura maka a shago, sau da yawa ba shi falonka yake nema ba.

Lambar da aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwali ita ke fara ɗaukar ido: wat 3000, wat 5000. In ka ga haruffan PMPO a gefenta, kau da kai. Awon abin da na'ura za ta iya fitarwa ne cikin ƙiftawar ido, kuma babu wata ƙa'ida guda da kamfanoni ke bi wajen lissafa shi, kowa da tasa. Awon da ake riƙewa shi ne RMS, wato ƙarfin da za ta iya jurewa ana ta kallo. Idan ba a rubuta shi ba, juya bayan na'urar ka karanta wutar da take ja daga soket. Abin da yake shan wat 60 daga bango ba zai ba ka 5000 ba, komai rantsuwar mai shago. Ko a awon gaskiyar ma, wat ba ya aiki yadda ake zato. Ka ninka shi biyu, desibel 3 kacal ya ƙaru a ma'aunin ƙarar sauti, kuma kafin kunne ya ji ƙara ta ninku sai an ninka wat kusan sau goma. Wat 30 zuwa 50 na RMS a kowace lasifika sun ishi falon gida mai ɗaki biyu ko uku irin na Gwarinpa ko Kubwa, har da saura.

Tambayar da ta fi ta wat amfani ita ce me ake kallo a gidan. A yawancin gidajenmu labarai ne, ƙwallo a SuperSport, shirye-shiryen Arewa24, fina-finan Hausa a YouTube, na Indiya masu fassara, karatun Alƙur'ani da safe, tafsiri in azumi ya kama. Kusan duka magana ce, kuma galibinsu da layin sauti biyu aka naɗe su, hagu da dama. Ko ka jera lasifika shida, na baya ko dai su yi tsit, ko na'ura ta riƙa watsa musu amon na gaba. Sautin 5.1 na ainihi, wato na lasifika biyar da ta bas guda, inda kowace lasifika take da nata layin, sai a irin su Netflix, faifan Blu-ray da wasu tashoshin dikoda. Don haka ma'aunina na farko shi ne fitar murya: Hajiya da ke can kujerar nesa ta ji abin da malam yake faɗa ba tare da ta ce a ƙaro ba. Girgiza taga da bas ya biyo baya.

Da wannan ma'aunin, saitin nan mai lasifika biyar da wufa, wato lasifikar bas, a kwali ɗaya shi ne na ƙarshe a wurina, duk da shi ya fi cika ido. An raba kuɗinka gida shida, kowace lasifika ta sami ɗan abin da bai kai ya kawo ba: kwandon roba mara nauyi, sautin tsakiya siriri, sai wufa mai gunji ɗaya ko me aka kunna. Da yawansu lasifikokin masu om 3 ne (om shi ne awon yadda lasifika ke turje wa wuta) da kan waya irin na kamfanin kaɗai, wufar kuma ba ta da amfilifayar kanta, wato na'urar da ke ƙarfafa sauti ta tura wa lasifika. Ranar da uwar saitin ta ƙone, sauran sun zama kayan ado, don amfilifaya ta gama-gari om 6 ko 8 ta fi so. Ga kuma tsarin zamanmu. An tsara 5.1 ne don mai zama a tsakiya yana fuskantar allo, na gaba a kusurwar digiri 30 hagu da dama, na baya a wajen digiri 110. Falonmu kuwa kujeru ne jingine da bango a zagaye, yara a ƙasa kan kafet. Wanda ya zauna gindin lasifikar baya ita kaɗai zai riƙa ji. Wayoyin da za su ratsa falo ba a ma maganarsu a gidan da ake da mai rarrafe. Wanda yake son ƙara don suna ko walima, gara ya ɗauki doguwar lasifikar biki mai batir, ya san abin da ya saya.

Sandar sauti, doguwar nan da ake shimfiɗawa ƙarƙashin talabijin, ita ce zaɓin da zan nuna wa mafi yawan masu haya. LG, Samsung, Sony, JBL da Hisense duk suna yi, kuma ana samun sababbi da garanti. Waya ɗaya ce, ba fasa bango, in za a tashi daga gida a ɗauke ta a hammata. Lambobin jikinta suna da ma'ana: 2.0 lasifika biyu ce babu wufa, 2.1 da wufa, 3.1 kuma an ƙara ta tsakiya wadda aikinta murya ne kawai. Idan aljihu ya kai, 3.1 ta cancanci ƙarin kuɗin, musamman ga mai kallon fim ɗin Turawa inda kiɗa da harbe-harbe kan danne magana. Rauninta shi ne hagu da dama sun matsu wuri guda, waƙa ba ta buɗewa, kuma ba a ƙara mata komai daga baya. In an ce maka tana da lasifikokin baya marasa waya, tuna cewa suna buƙatar soket ko caji.

Kada tambarin Dolby Atmos, tsarin da ke sa a ji sauti kamar daga sama, a kan sanda mai araha ya sa ka ƙara ko kwabo. Masu yin sa da gaske suna harba sauti sama ne ya daki silin ya dawo, kuma sai silin ya zama shafaffe. Silin ɗin POP mai hawa-hawa da fitila mai reto a tsakiya, wanda ya zama yayi a gidajen Abuja, tarwatsa sautin yake yi. Ƙananan kuwa ko lasifikar sama ba su da ita, dabarar kwamfuta ce kawai.

Abin da na fi so wa mai kunne, wanda waƙa da ƙira'a suka dame shi kamar fim, shi ne lasifika biyu masu kyau. Hanya biyu ce. Akwai masu amfilifaya a cikinsu, irin Edifier R1280DB mai wat 42 na RMS da ramin oftikal, na wayar da ke ɗaukar sauti da haske, da Bluetooth, ka jona da talabijin shi ke nan. Akwai kuma ƙananan amfilifayoyin Class D da ke zuwa daga Sin, irin na Fosi Audio, waɗanda ba su wuce tafin hannu biyu ba, ba sa zafi sosai, ba sa shan wuta, sai ka haɗa su da lasifikokin katako na hannu. Ka raba su kamar mita biyu, daidai tsayin kunnen mai zaune, ka ɗan karkato su ciki. Murya za ta fito daga tsakiyar allo kamar akwai ta uku a wurin. Daga baya in hali ya samu a ƙara wufa, muddin amfilifayar tana da ramin fitarta. Ka duba wannan tun kafin ka biya.

Sai babbar amfilifayar sinima ta hannu, 'yar Beljiyam: Yamaha, Denon, Onkyo, Marantz, Pioneer. A nan ne mai ƙaramin kuɗi yake iya samun kayan manya, a nan ne kuma ake yawan kuka. Fara da bayanta. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Wadda aka yi wa kasuwar Amurka, ka cusa ta soket kai tsaye, hayaƙi za ka gani. Dole sai da taransifoma mai rage wuta, kuma mai ƙarfin da ya zarce abin da take ja sosai. 'Yar Ingila ko Jamus ba ta da wannan matsalar, ta Ingila ma kan filoginta irin namu ne. Sannan shekarunta. Tsarin ARC, mai mayar da sautin talabijin zuwa amfilifaya ta wayar HDMI, ya zo da HDMI 1.4 a 2009, don haka tsofaffin da suka riga shi ba su da shi, kuma galibin waɗanda aka yi kafin wajen 2015 ba sa wuce da hoton 4K yadda ya kamata. Wannan bai kashe ciniki ba: jona dikoda da talabijin, ka ɗauko sauti ta oftikal zuwa amfilifaya. Ka nemi rimot ɗinta na asali, don wasu saitunan ba a kai musu sai da shi. Kada ka saya ta hoto a intanet a aiko maka, cinikin biri a sama ke nan. A kunna ta gabanka, a gwada kowane layi da lasifika ɗaya bayan ɗaya, a bar ta tana aiki ta yi zafi, don mai ciwo sai ta ɗumama take kashe kanta. Lasifikar hannu kuma, cire rigar gabanta ka duba zoben da ke kewaye da bakin. In na soso ne, zafi da shekaru suna ruɓar da shi. Danna tsakiyar a hankali da yatsu, in ka ji karce, bar ta.

Maganar jonawa takan ɓata wa mutane rai bayan an kai kaya gida, alhali duba bayan talabijin kafin fita ya isa. Idan akwai ramin HDMI da aka rubuta ARC ko eARC a gefensa, shi ne na farko: waya ɗaya, kuma rimot ɗin talabijin zai riƙa ƙara murya da ragewa, in ka kunna saitin da Samsung ke kira Anynet+, LG kuma SimpLink, Sony Bravia Sync. A gidan da rimot ke yawan shigewa ƙarƙashin kujera wannan ba ƙaramin abu ba ne. Oftikal shi ne na biyu, yana ɗaukar layi biyu da Dolby Digital 5.1, amma ba ya ɗaukar Atmos. Bluetooth a bar wa waƙa daga waya. A kallo yakan yi jinkiri, ka ga baki ya motsa kafin magana ta iso.

Wani abin da babu mai shagon da zai gaya maka: rabin abin da kunnenka ke ji ɗakin ne. Tayil a ƙasa, bangon bulo da fenti, gilashin taga, duk mayar da sauti suke yi, magana ta riƙa hawa kan magana. Tsaya tsakiyar falo ka tafa sau ɗaya. In ka ji amo ya biyo baya, kafet mai kauri tsakanin kujera da talabijin da labule mai nauyi za su gyara maka fiye da canza na'ura. Wufa kuwa in aka kai ta lungu takan ƙara kauri, wani lokaci har ya yi yawa, sai a ɗan jawo ta. Idan akwai wurin saita inda za ta karɓi sauti mai kauri daga sauran lasifikokin, fara da lambar 80 Hz. Mazaunin bene ya tuna bas yana bin siminti ya sauka wa na ƙasa. Ɗora ta kan abu mai laushi, ka nemi maɓallin yanayin dare, kada a kai ƙararka wurin mai gida.

Wuta ce ke kashe kayan sauti a garin nan fiye da tsufa. Ɗaukewa da dawowa da ƙarfi, canji daga NEPA zuwa janareta, tsawar damina da kan biyo wayar dish ta shiga dikoda ta wuce ta HDMI. Farashin kayan yana bin dala, yau daban gobe daban, amma ko nawa ka ware, ka cire kamar kashi ɗaya cikin biyar don sitabilaiza ko na'urar kariya mai jinkirta shigar wuta, da wayoyi. Kafin a tayar da janareta a kashe amfilifaya daga soket, in hadari ya haɗu a zare filogi. Mai sola ko inbata ya duba irin tasa. Mai arahar nan da wutarta ba ta fita sumul takan sa babbar amfilifaya ta riƙa ruri tana zafi. Kuma tsohuwar amfilifayar sinima tana jan wuta ko an rage murya, batir ya san da zamanta, alhali sandar sauti da ƙaramar Class D kaɗan suke lasa. Wayar lasifika ba sai mai tsada ba, tagulla zalla mai kaurin milimita 1.5 ta isa, a dai kula da ta alminiyam da aka yi wa wankan tagulla. Kada a kulle amfilifaya cikin kabad, tana son iska, da hunturu kuma a rufe ta da ƙyalle in an kashe saboda ƙura.

Ranar saye ka tafi da abin saurarenka a waya: karatun da ka san muryar mai shi sarai, guntun labarai, da waƙa guda. Yaron shago zai ce, "Alhaji, bari ka ji bas," ya ƙure kiɗa. Ce masa ya rage, don a ƙaramar murya ake gane lasifika, kuma a haka za a fi amfani da ita a gida bayan isha'i. Ka matsa gefe ka ji ko maganar tana nan yadda take. In sabuwa ce, a buɗe kwali gabanka, a ba ka katin garanti mai hatimi. In ta hannu ce, a rubuta lambar jikin na'urar a rasit, tare da kwanakin da aka yarda ka dawo da ita in ta nuna hali.