Daga Jidda: Labarin Kafaɗata da Maganar Kawo Hajiya

Yaya, assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali baki ɗaya. A gaida Hajiya da jiki, a ce mata nawa jikin alhamdu lillahi. Yau wata biyar ke nan da yi mini aikin kafaɗa, kuma da hannun daman nake rubuto maka wannan, hannun da a watan farko ko loma ba ya iya kaiwa baki.

Saƙon muryarka sau uku na saurare shi. Na ji kun zauna da su Kawu kun ga ya dace a nema wa Hajiya bizar Umara, ta zo nan a yi mata irin aikin da aka yi mini, tunda ita ma kafaɗar ta hana ta barci. Ban amsa a ranar ba ne don ba magana ce ta tsaye-tsaye ba. Ni dai ban goyi bayan a kawo ta ba, kuma dalilina daga abin da na gani a jikina ne.

Ka san asalin ciwona, faɗuwar nan da na yi a babur tun kafin in baro gida. Maɗori ya yi aikinsa, ƙashi ya kama. Ashe jijiyoyin da ke riƙe da kan kafaɗa sun yage, kuma wannan ba abin da hannu ke lalubowa ba ne. Shekaru suna tafiya guringuntsi yana cinyewa, har ƙashi ya koma gugar ƙashi. Da aka ɗauki hoto, likitan, wani Bamisire mai haƙurin bayani, ya jawo takarda ya zana mini. Ya ce kan ƙashin dantse dunƙule yake kamar ƙwallo, yana zaune cikin wani ɗan kwarmi a jikin allon kafaɗa. Idan jijiyoyin suna da lafiya, sai a canza ƙwallon da na ƙarfe, a shimfiɗa roba mai ƙarfi a kwarmin. Idan kuwa sun lalace irin nawa, sai a juya abin: ƙwallon ƙarfen a kafa shi a jikin allon kafaɗa, kwarmin a ɗora shi a kan ƙashin dantse, yadda babbar tsokar da ta lulluɓe kafaɗa ta waje za ta karɓi aikin ɗaga hannu. Wani likitan Faransa, Paul Grammont, shi ya fito da wannan dabara wajen 1985, Amurka ma sai 2003 ta amince da ita. Irin wannan aka yi mini. Aikin bai kai awa uku ba, kwana biyu na yi aka sallame ni.

Gaskiya ba zan rage wa ƙasar nan komai ba ta fannin kaya. Tun 1999 suka yi dokar da ta ɗora wa kamfani yi wa ma'aikacinsa inshorar lafiya, igama ma, wato katin izinin zama, ba ta sabuntuwa sai da ita. Igamata kawai na miƙa, suka duba a kwamfuta, asibiti ya aika wa kamfanin inshora, bayan kwana huɗu abin da suke kira muwafaƙa, wato amincewar kamfanin, ya fito. Shi ke nan. Ba wanda ya rubuta mini takarda in je in sayo safar hannu ko auduga ko ruwan ƙari. Ina kwance a gadon nan na tuna jinyar marigayi Baba, yadda ni da kai muke tsallaka titi da tsakar dare riƙe da 'yar takarda muna buga ƙofar kemis, har hawaye suka zo mini. Kwanciyar asibiti da ƙarfen da aka sa mini ban biya ko riyal ɗaya ba. Sai ganin likita na jeka-ka-dawo ne nake biyan kashi 20 cikin 100. Na san a gida ma an sa hannu kan dokar da ta wajabta inshorar lafiya a 2022, zamanin Buhari, amma kai shaida ne Hajiya har yau daga aljihunmu ake sayen maganinta.

Magani kuma, ko Nahdi ka shiga ko Dawaa ko ƙaramar saidaliyyar unguwa, wato kemis, kuɗinsa ɗaya ne domin hukuma ce ke yankewa, ba ka kuma tsaya kana juya kwali kana tunanin ko jabu ne. Amma masu ƙarfin, irin su tramadol, da takarda ta musamman ake bayarwa, a ƙirga maka na 'yan kwanaki. Don Allah a ja kunnen kowa: kada wani ya ce zai taimaka ya ba mai zuwa Umara irin wannan ƙwaya ya riƙo. A filin jirgi ba a sauraron bayani.

To, daga ranar da aka sallame ni aikin na ainihi ya fara, kuma nan ne nake so ka tsaya ka duba da kyau.

Kafin a shiga da ni an yi mini wata allura a gefen wuya wadda ta kashe hannun gaba ɗaya, na farka ban ji komai ba, har ina cewa ashe abin da sauƙi. Wajen asubahin washegari ta sake ni. Ban taɓa jin zogi irin wannan ba. Hannun an rataye shi a wuya, dare da rana, har sati shida. Kwanciya a miƙe ba ta yiwuwa, da ka kai baya ƙasa sai ka ji kamar ana janye kafaɗar. Wani abokin aikina Basudane ya je Harajin Sawarikh, kasuwar tsofaffin kaya da ke kudancin Jidda, ya samo mini kujerar nan mai kwantawa baya, a kanta na yi barci wata biyu cur. Ƙanƙara kuwa kamar abinci, sau huɗu ko biyar a yini, a naɗe ta a tawul a ɗora minti 20. Nan wuta ba ta ɗaukewa, firji na aiki, na'urar sanyaya ɗaki na aiki, gumi bai taɓa jiƙa ɗinkin ba har aka cire shi a sati na biyu. Wannan kam mun fi ku. Duk wanda za a yi wa aiki irin wannan a Kano, a kauce wa watannin Maris da Afrilu, a bari sai sanyi ya shigo.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba saboda kunya, amma dole in faɗa maka tunda maganar mahaifiyarmu ce. Buta hannu biyu take so, ɗaya ya zuba ɗaya ya wanke. Idan dama tana rataye, hagu ba ta iya yin biyun. Abin da ya rufa mini asiri shi ne 'yar mesar nan ta bayan gida da suke kira shaɗɗaf, wadda babu gidan da ba ta a nan, da kuma masai na zama. Likita ya hana ni dafa hannun in miƙe, ya hana ni kai shi bayana, domin ta haka sabon haɗin ke gocewa. Ka ga tsuguno bai taso ba. Alwala maman yara ke zuba mini, ita ke wanke mini hannun hagu. Salla a kujera na yi ta. Ranar da na fara kai goshi ƙasa, cikin wata na uku, na daɗe ban ɗago ba. Jallabiya da duk rigar da ake sawa ta kai na ajiye su, sai mai maɓalli a gaba, a fara zura hannun ciwon sannan mai lafiyar.

Duk waɗannan mutum ne ke yi maka su, Yaya, kuma mutum shi ne abin da ya fi komai tsada a ƙasar nan. 'Yan uwanmu Hausawa suna da kirki, ba na musu, amma kowa yana shugul, wato wurin aiki, wani awa goma sha biyu a tsaye. Dubiya sai Juma'a bayan an sauko, sauran kwanaki sai gaisuwa ta WhatsApp. A sati na uku zazzaɓi ya kwantar da maman yara. Na zauna a kujerar nan daga azahar har kusan magariba, robar ruwa na gabana na kasa murɗe murfinta, rigata rabi a jiki, yara suna makaranta sannan suka wuce gidan maƙwabta. Ba ni da wanda zan ƙwala wa kira. Mai jinya ta gida ana samu, amma da kuɗi, kuma inshorata ba ta ɗauka ba. Tuƙi an hana ni sati shida, kowace fita sai na kira Careem ko Uber. A lokacin na riƙa tuna gidanmu idan wani ya kwanta: zaure cike, wannan ta aiko da kunu, waccan da farfesu, jikoki suna rige-rigen miƙa buta. Hajiya tana da surukai uku da jikoki 'yan mata a gabanta. Wanka, ɗaurin zane, gyaran kai, duk ba abin da ni ɗanta namiji zan yi mata ba ne, maman yara kuwa ita kaɗai ce a ɗaki biyu.

Gashin ƙashi, wanda su ke kira ilaj ɗabi'i, sau uku a sati nake zuwa. Wurin tsaf, na'urori iri-iri, mai yi mini ɗan Filifin ne da ya san aikinsa. Sai dai kamfanin inshora kashi-kashi yake amincewa, idan wannan kashin ya ƙare sai an sake nema. Sau ɗaya na yi kwana goma ina jira, kafaɗar ta fara sandarewa. Shi mai gashin ne ya ce mini kada in dogara da na'urorinsu, abin da nake yi a gida shi ne maganin. Kuma da na duba, babu abin da ya fi ƙarfin gidanmu a ciki. Ka sunkuya ka saki hannu yana lilo. Ka kwanta ka riƙe sanda da hannu biyu, mai lafiyar ya tura marar lafiyar sama (ni da muciyar maman yara na yi). Igiya mai 'yar taya da ake maƙalawa a saman ƙofa kana ja. Daga baya ka tsaya gaban bango yatsu suna hawa a hankali. Na riƙa sa alama da fensir duk Juma'a. Alamar farko daidai ƙirjina take, ta jiya ta wuce kaina da taki ɗaya. Har yanzu kai hannu aljihun baya yana ba ni wuya, kuma likita ya ce kaya masu nauyi na bar ɗaga su sama ke nan. Sauƙin yana ci gaba da zuwa har shekara guda.

Albashi ma ya taɓu. Dokar ƙwadagonsu ta ce hutun rashin lafiya kwana 30 na farko cikakken albashi, kwana 60 na gaba kashi uku cikin huɗu, kwana 30 bayan nan babu ko sisi. Shi ya sa aiken wancan watan ya ragu, ban so in faɗa ba a lokacin.

Duk daɗin da na lissafa maka na mai igama ne da inshora. 'Yan uwanmu da ke nan Jidda da Makka, waɗanda takardunsu ba su cika ba, idan suka karye maɗorin unguwa suke nema kamar a gida, wasu ma tsoron ƙofar asibiti suke. Hajiya da bizar Umara ba ta cikin tsarin da ya ɗauke ni. Inshorar da ke haɗe da bizar ta larurar gaggawa ce, ba ta ɗaukar aikin da aka shirya. Asibitin kuɗi za mu je mu biya lakadan, riyal kuwa a ɗaure yake da dala, 3.75 ga dala ɗaya, kai ka san abin da hakan ke nufi a naira. Bizar wata uku ce. Lokacin da gashi ya fara kankama, lokacin za ta hau jirgi, ta bar likitan da ya san abin da ya sa mata a jiki.

Sannan har yanzu ba likitan ƙashin da ya ce aiki take bukata. Mu ne muka ga ciwonta ya yi kama da nawa. Hajiya tana da sukari, masu sukari kuwa akwai wata sandarewar kafaɗa da ke yawan kama su, wadda allura a cikin haɗin da gashi ke warwarewa ba tare da an tsaga ba. Ko da aikin ne ma, sai an daidaita sukarin tukuna, don shi ke hana ciwo warkewa ya kuma jawo ƙwayoyin cuta su kama ƙarfen. Ku kai ta asibitin ƙashi na Dala, tun 1959 aikinsu ke nan, ga shi a bakin ƙofarmu. A ɗauki hoto, a auna jini, a fara gashi. Idan suka ce sai an canza haɗin, ku tambayi likitan kai tsaye wane iri ne, shi ya saba yinsa, wa zai riƙa duba ta bayan an gama. Daga nan sai mu san abin da za mu haɗa.

Abu ɗaya nake tsoro a gida, shi ne yawan hannu. Kowa zai zo da shawararsa, wannan man zafi, wancan mai tausa, wata ta ce a kira maɗori ya ja. Kafin aiki ma wannan na ƙara ciwo, bayan aiki kuwa ja ɗaya ya isa ya goce haɗin. A ware mutum ɗaya, ni a ganina babbar 'yarka tunda ta yi karatu, ta riƙa raka ta wurin gashi, ta koyi motsin da aka yarda da shi, kowa ya bi maganarta.

Akwai mai tahowa Kano ƙarshen wata, zan ba shi igiyar ƙofar, jakar ƙanƙara biyu irin wadda ake sawa a firji a sake amfani da ita, da shaɗɗaf ɗaya. A kira mai gyaran famfo ya ɗaura a bayan gidanta, a sa mata masai na zama, kuɗin aikin na kaina. Hoton ƙashin da sakamakon sukarin kuma, da zarar sun fito ka ɗauka da waya a wuri mai haske ka turo mini. Ina da ganin likita na cikar wata shida, zan nuna masa.

A gaida su Kawu, a ba su haƙuri da jinkirin amsa. A ce wa Hajiya zan kira ta ranar Juma'a bayan la'asar.