Shirin yara a wani gidan rediyon al'umma na Damagaram: kariyar ta yi, sai gyara biyu

Tsarin karɓar baƙi na wannan tasha ya cancanci yabo. Yaro ba ya shiga situdiyo sai uwa ko uba sun amince, kuma manya biyu ke zama da shi, ɗaya mace in yarinya ce. Ana fara sauraren mai kira kafin a haɗa shi da iska, ba a kuma karanta lambar waya.

Hira da almajirai ko mata masu yoyon fitsari ana ɗaukarta ne tukuna, a canza suna, a yanke sunan unguwa. Wannan ya fi komai muhimmanci, domin a unguwanni irin su Birni ko Kara-Kara murya kaɗai ta isa maƙwabta su gane mutum. Shi ya sa gyara na farko shi ne ma'aikatan tashar su riƙa sauya muryar ma a kwamfuta, abin da har yanzu ba sa yi.

Gyara na biyu: shirin yana ƙarewa dab da magariba, yara kuma su hau kabu-kabu su kaɗai. A dawo da shi bayan la'asar, ko a sa babba ya raka kowa har ƙofar gida.