Ƙwayoyin prednisolone ko ƙarin ruwan IVIG: amsa ga Hajiya ta Tawa

Hajiya, Allah ya ba ƙanwarki lafiya. Kin ce likita a Yamai ya gano tana da dermatomyosite, ciwon da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa tsoka da fata, ya kuma ambaci IVIG. Tambayarki ita ce ko ya fi prednisolone ɗin da take sha.

Su biyun ba kishiyoyi ba ne, sau da yawa ma tare ake haɗa su.

Da prednisolone ake farawa. Ƙwaya ce mai araha, ana samunta a farmasi, tana kwantar da kumburi da sauri ta hanyar danne garkuwar jiki. Illarta sai an daɗe ana sha: sukari da hawan jini, kumburin fuska, raunin ƙashi, ga tarin fuka da ke kwance a jiki yana iya tashi.

IVIG kuwa daga jinin mutane yake fitowa. Ana tara ruwan jinin dubban masu bayarwa, a tace sinadaran kariya da ake kira IgG, a ɗura wa mara lafiya ta jijiya a hankali, a gadon asibiti. Ba ya danne garkuwa kamar ƙwayar, shi ya sa likitoci ke son sa ga wanda cututtuka ke yawan kamawa, ana kuma ba wanda ciwon ya sa haɗiye abinci ya fara gagara. A 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga wannan ciwo. Amma ma'auninsa giram 2 ne ga kowane kilo na nauyin jiki: mai kilo 60 tana buƙatar giram 120, cikin kwana 2 zuwa 5, a maimaita duk wata domin ƙarfinsa na raguwa cikin makonni. Nan tsadar take, kuma tsada ce mai karya gida. Yakan kawo ciwon kai da zazzaɓi, wani lokaci gudan jini a jijiya ko taɓuwar ƙoda, don haka a auna ƙodarta tukuna, ta kuma sha ruwa sosai.

A ganina, idan ƙwayar na aiki tare da methotrexate ko azathioprine, wasu magungunan danne garkuwa da ake haɗawa da ita, babu dalilin sayar da gona. Idan abinci ya fara shaƙe ta wajen haɗiya, ko ƙarfinta na ta raguwa duk da magani, to lokacin IVIG ya yi.

Ina roƙonki, Hajiya, kada ta yanke prednisolone rana ɗaya don an fara ƙarin ruwan. Yankewar gaggawa na iya jefa ta cikin haɗari, likita ne zai riƙa rage mata kaɗan-kaɗan.