Wata uku da sa autana a makarantar ƙwallo a Yamai

Bayan sallar layya na sa autana, ɗan shekara 14, a wata makarantar koyon ƙwallo a nan Yamai. Jaka 15 nake biya a wata, atisaye sau uku a mako, takalmi da safa kuma ni zan saya. Abokaina na fada sun dame ni da tambayar ko kuɗin bai tafi a banza ba, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da idona ya gani.

Ni ma na buga ƙwallo a ƙungiyar unguwarmu, Boukoki, a shekarun da aka buɗe filin Seyni Kountché, wato 1989. Horonmu zagaye fili ne da tsakar rana har sai wani ya yi amai, sai tsallen kwaɗo, sai a raba mu gida biyu. Ruwa kuwa an hana mu sha, wai yana sa ciki nauyi. In an tashi sai a dama fura, daga nan mu zauna shayi har tsakar dare. Ranar da gwiwata ta hagu ta yi ƙara ta kumbura, man zafi aka shafa mini aka ɗaure da tsumma, mako na zagayowa na koma fili saboda muna da wasa. Ina shekara 24 na ajiye takalmi. Yau a kan kujera nake yin sallah, ƙafar ba ta lanƙwasuwa.

Da wannan gwiwar na je na zauna a bakin filinsu, kuma abin da ya fara ɗaukar hankalina gorunan ruwa ne a jere, kowane yaro da tasa, an rubuta sunansa a jiki. Bayan kowane minti ashirin koci ya busa usur, kowa ya je ya sha, ko yana jin ƙishi ko ba ya ji. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, wannan kaɗai ya isa a yaba musu. Ko a gasar cin kofin duniya sai a 2014, a Brazil, aka fara tsayar da wasa don a sha ruwa. Kafin a taɓa ƙwallo kuma sai an yi kusan minti goma sha biyar ana ɗumama jiki, ana miƙe cinya, ana tsayuwa da ƙafa ɗaya don ƙarfafa idon sawu da gwiwa. Mu ba mu san wannan ba sam.

A mako na shida yaron ya yi targaɗe. Kocin ya fitar da shi nan take, ya zaunar da shi, ya ɗora ƙafar kan jaka, ya naɗo ƙanƙara a tawul ya dafa masa, ya ce kwana goma ba ƙwallo. Na ce masa, "Koci, ai yana iya taka ta, ku bar shi ya ƙarasa." Ya dube ni ya ce, "Baba, ba ku ne kuka ba ni labarin gwiwarku ba? Ita kuke so ya gada?" Ban sake cewa komai ba. A hanyar gida, yaron na bayana a kan babur, idona ya cika da ƙwalla, don da a ce wani ya faɗa mini haka a lokacina da rayuwata ta bambanta.

Akwai inda ban gamsu ba. Takardar abinci da suka ba mu kamar daga Turai aka kwafo ta: taliya, ƙirjin kaza, madarar kwali, tuffa. Wane uba ne zai iya wannan kullum? Babu wake, babu ƙwai, babu zogale, babu nono da gero, alhali su ne a gidajenmu kuma suna gina jiki. Mahaifiyarsa ce ta gyara abin da kanta, tana yi masa dambu da zogale da dafaffen ƙwai. Lemon kwalba dai ya bari da kansa, tun da ya ga bidiyon Ronaldo yana ture kwalaben Coca-Cola a 2021 yana ɗaga ruwa. Barci ma sun matsa a kai, ƙarfe goma a ajiye waya.

Na biyu, ƙarfe huɗu suke farawa a kan ciyawar roba, ita kuwa tana riƙe zafi har tafin ƙafa ya yi ruwa. Na uku shi ya fi damuna: tsari ya yi yawa, taɓa ƙwallo ya yi kaɗan. Yaro na karɓa sai a ce ya bayar, ba a barin sa ya yanke mutum ko ya gwada dabararsa. Ina filin Seyni Kountché a 2010 lokacin da Moussa Maazou ya ci Masar, Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu Nijar, ta kama hanyar zuwa gasar Afirka ta 2012 a hannun koci Harouna Doula. Irin wannan ƙarfin zuciyar a wasan rairayi na unguwa yaro ke samun sa, inda babu mai busa masa usur.

Na biya kuɗin wata uku masu zuwa. Na roƙe su a mayar da atisaye ƙarfe biyar in zafi ya shigo, sun ce za su duba. Ranar Asabar kuma ina barin sa ya je ya buga da yaran unguwa a bayan lakwal, da sharaɗin ya tafi da gorarsa.