Yaya, kafin a ɗora kwanon nan ka saurare ni

Assalamu alaikum Yaya, ina gajiya, ya iyali ya zafi. A gaishe min da Inna da su Hajiya ƙarama da yara duka. Hotunan ginin sun iso, masha Allah aiki ya yi kyau, Allah ya sa albarka. Amma da ka ce da an gama linto sai kwano, sai kilim biyu, wato na'urar sanyaya ɗaki, ɗaya falo ɗaya ɗakin Inna, nan ne na ce bari in zauna in rubuto maka dogo, don in na kira a waya ba ka bari in kai aya.

Ku can gani kuke mu nan Faransa wuta kamar kyauta take tunda ba a ɗaukewa. Eh ba a ɗaukewa kam, wannan gaskiya ne, amma faktir ɗin, wato takardar kuɗin wuta, shi ne ke ɗauke maka numfashi. Nan Liyon daga watan Nuwamba har wajen Maris sai da shofaj, wato abin ɗumama ɗaki, wasu na gaz wasu na lantarki, kuma a gida irin wanda nake haya tsohon gini mai tagogin da iska ke kutsowa ta gefe, watan tsakiyar sanyi sai ka ga kuɗin wuta kaɗai ya haura yuro 100, ka lissafa da kanka yuro ɗaya sefa 655 da 'yan kai ne, ka ga ya wuce jika 65 kenan, a wata ɗaya fa, kuma duk da haka da rigar sanyi da safa nake kwana.

Abin ya ƙara taɓarɓarewa tun da Rasha ta shiga Ukraine a Fabrairun 2022, gaz ya yi tashin gwauron zabi a Turai baki ɗaya. Gwamnati nan ta ɗan tare farashi don kar ya kashe mutane, amma duk da tarewar sai da lantarki ya ƙaru da kashi 15 cikin ɗari a Fabrairun 2023, aka sake ƙara 10 a Agusta, aka kuma ƙarawa a farkon 2024, sai a 2025 ne ya ɗan sauko. Lokacin ne aka dame mu a tele da rediyo cewa kar kowa ya ɗumama ɗaki ya wuce digiri 19, kilim kuma kar a kunna sai zafin ɗaki ya haura 26, shago mai kilim in ya bar ƙofa a buɗe tara ce. Suna cewa digiri ɗaya in ka rage, wajen kashi 7 cikin ɗari na kuɗin shofaj ya ragu. Turawan nan da kake gani da kuɗinsu, wallahi a kan digiri ɗaya miji da mata sai su yi cacar baki.

To ga abin da nake so ka kama. Ina da abokin aiki ɗan Senegal, gidansa ya fi nawa girma, yara uku gare shi, amma abin da yake biya na ɗumama bai kai nawa ba. Na je gidan ranar da ake tsula sanyi, na dafa bango da hannuna ta ciki, babu sanyi ko kaɗan, alhali nawa in ka jingina da shi sai ka ji har cikin ƙashi. Taga gilashi biyu ne da iska a tsakani, bangon an lulluɓe shi ta waje da wani abu mai kauri kamar soso aka yi masa yaɓe a kai, saman silin kuma an shimfiɗa wani kamar auduga. Shofaj ɗin ma da ƙyar yake tashi. Injinmu kusan iri ɗaya, wutarmu farashi ɗaya, bango da rufi ne suka raba mu.

Kuma nan sun ɗauki maganar da gaske har ta zama doka. Duk gidan da za a sayar ko a ba da haya sai an auna shi an ba shi harafi daga A zuwa G, A shi ne mai riƙe ɗumi, G shi ne rariya. Tun 1 ga Janairun 2025 mai gidan G ba shi da ikon sa sabon ɗan haya sai ya gyara, F kuma 2028 aka sa masu. Gwamnati na taimaka wa masu gida da kuɗin gyara, talaka kuma ana aiko masa da wani cek na wuta sau ɗaya a shekara, daga yuro 48 zuwa 277 gwargwadon ƙarfinsa. Wani abin da ya burge ni, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris ba a yanke wa mutum wuta ko gaz a gidansa don bai biya ba, kuma mai gida ba ya korar ɗan haya. Bashin dai yana nan yana jiranka ba yafewa aka yi ba. Da ma a ce mu ma akwai irin wannan a Afrilu da Mayu, don mu zafi ne ke kwantar mana da tsofaffi.

Su ma fa zafin ya fara samunsu, kuma ba su iya shi ba. A 2003 zafi ya kashe mutum wajen 15,000 a ƙasar nan, yawanci tsofaffi. A Yunin 2019 kudancin Faransa ya taɓa digiri 46, kamar Maraɗi a watan Afrilu. Yawancin gidaje ba kilim, an gina su ne don sanyi. Waɗanda suka fi shan wuya su ne masu ɗakunan can ƙarshen bene ƙarƙashin rufi, musamman Paris da rufinsu na ƙarfe ne, ka ji ko, kwanon nan dai da muke rububi. Dabarar da hukuma ke koya masu kuwa dariya take ba ni: a rufe tagogi da rana, a buɗe da dare, a jiƙa zane a rataya, a sha ruwa. Abin da Inna ke yi tun ba a haife mu ba.

Yanzu dawo gida. Mu wutarmu ka fi ni sani, ta Najeriya ce ke zuwa daga Katsina ta Gazawa, kuma ka ga abin da ya faru a Agustan 2023 da aka sa wa Nijar takunkumi aka yanke, kowa ya koma gurup, wato injin ba da wuta, da fitilar caji. Nan kuwa wajen kashi biyu cikin uku na lantarkinsu daga nukiliya yake, kuma shekara da shekaru uraniyom ɗin Arlit na cikin abin da ke kunna shi, mu kuma a gida mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wuta, wannan kam in na fara ba zan gama ba, a bar shi. Abin da nake nufi, gidan da sai da kilim ake iya zama cikinsa, ranar da wuta ta tahi ƙarfe biyun rana fa? Bulo na siminti siriri da kwano ba filafon, wato silin, zafin da ya sha tun safe shi zai yi ta amayarwa har tsakar dare, sai dai a kwashi tabarma a fita tsakar gida. Kilim ɗaya kuma wutar da yake ci ta fi ta bantilater goma, ko pano na hasken rana za ka sa masa sai ka zuba kuɗi masu yawa a batir.

Na san abin da za ka ce, ginin ƙasa ai na ƙauye ne, kuma ruwa na rushe shi. Ban musa ba, damanar 2024 na ga bidiyon gidajen da suka zube a Maraɗi, har na kasa barci. Amma duba da kyau, yawanci ta ƙasa ruwa ke cin su, ko ta sama inda indararo ya lalace. Shi ya sa masu ginin zamani ke yin fandasho da siminti su ɗaga shi sama, sannan su ɗora bulon jar ƙasa da aka matse da inji da ɗan siminti kaɗan ciki. Masallacin Dandaji can jihar Tawa da irinsa aka yi, wata 'yar Nijar Mariam Kamara na cikin waɗanda suka zana shi, nan Turai har lambar yabo ginin ya samu. Ka tuna soron Kaka na Tibiri mai azara, da tsakar rana in ka shiga har barci ke ɗaukarka, ga randa a lungu ruwanta da sanyi, kuma da hunturu ba ka jin iskar nan mai fasa leɓe.

Tunda an riga an tada bango da siminti ba cewa na yi a rushe ba. Kuɗin kilim na biyun nan nake so a juya. A ɗaga rufin sama sosai, a yi filafon, a bar ƙofofin iska tsakaninsa da kwano ta gabas da yamma a sa masu raga saboda jemage da tsuntsaye. Kwanon a samo fari ko a shafa masa farin fenti, kar a biye wa mai launin duhu don kyau. Ta yamma inda rana ke dukan bango da la'asar a fitar da baranda mai faɗi, kuma kar a yi babbar taga ta wannan gefen ko magini ya nace. Kilim ɗaya a ɗakin Inna na yarda, shekarunta sun kai, amma a sayi mai inbata don ya fi sauƙin wuta, a kuma toshe ƙasan ƙofa. Falo kuwa bantilater da imidifikater irin mai ruwan nan sun isa, lokacin bazara da iska ke bushe yana sanyaya ɗaki da wuta kaɗan, sai dai in damana ta sauka ba ya wani aiki, lokacin kuma ai zafin ya karye.

Itatuwan bedin nan biyu da ke cikin filin don Allah kar a sare su wai don mota ta samu wurin juyawa, a matsa da get ɗin. Ka tambayar min farashin filafon da na fentin, da kuɗin aikin baranda, ka turo min kafin ƙarshen wata in ga abin da zan iya haɗawa, don ni ma faktir ɗin sanyi na nan tafe. Sai na ji ka.