Asibitin fatan da na kai fuskata, ga yadda na ga aikinsu

Masu tambayata kan asibitin fatan nan, to ga bayani. Na kuɗi ne, a nan cikin Kano, kuɗin ganin likita da ɗan zafi gaskiya, ga jira, a can na yi azahar har la'asar ta kusa. Amma aikin ya biya ni.

Ni dai kumatu da hanci ne matsalata, ƙananan ƙuraje da raɗaɗi kamar an shafa min barkono, musamman in na shiga rana ko na daɗe a bakin murhu ko na sha shayi da zafinsa. Kowa cewa yake ƙurajen balaga ne. Likitar ta ɗora wata 'yar na'ura mai fitila a kumatuna ta nuna min hoton, wallahi siraran jijiyoyin jini ne sun bubbuɗe sun sarƙe da juna, abin da ido ba ya gani, don mu masu duhun fata jan ba ya fitowa sosai irin na Turawa shi ya sa ake yawan ɗaukar cutar a wani abu daban. Ta ce rosacea ce, wato cutar fata mai sa fuska ja da ƙuraje.

Sai ta kankari fatar kaɗan aka duba a madubin likita. Wasu mitsi-mitsin ƙwari dogaye masu ƙafa takwas, Demodex sunansu, ko rabin milimita ba su kai ba, a ramin gashi suke zama suna cin maiƙon fata. Na ce innalillahi! Ta yi dariya ta ce ai kusan kowane babba yana da su, a masu rosacea ne dai suke yin yawa, garkuwar jiki ta yi ta faɗa da su har fata ta kumbura. Kuma ba su kaɗai ke jawo cutar ba, akwai gado, akwai rana, har ta tambaye ni ko ina shafa man bilicin, don masu wani magani mai ƙarfi da ake kira clobetasol a ciki suna jawo irin wannan.

Abin da ya burge ni, ba ta yi min alkawarin warkewa ba, ta ce lallaɓa ta ake yi. Ta rubuta man ivermectin mai kashe ƙwarin, na kashi 1 cikin ɗari, sau ɗaya a rana, da man kariyar rana. Makonnin farko shiru kamar ba na shafa komai, daga baya ƙurajen suka kwanta. Jijiyoyin kam suna nan, ta ce man ba ya taɓa su sai dai leza, wato na'urar da ke ƙona su da haske. Yaji ma yana tayar da cutar, na rage, dainawa dai da wuya.

Inda suka gaza, babu man a kantin maganinsu sai da na yi yawon nema a gari. In za ku je ku yi sammako, kuma kar ku shafa hoda ko wani mai, za a sa ku wanke kafin a duba.