Birtaniya da Faransa a hannun Rumawa: me ya sa gadon ya bambanta?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: tunda Rumawa sun mulki Birtaniya da Faransa duka, me ya sa Faransanci ya samo asali daga Latin, harshen Rumawa, amma Ingilishi bai fito daga can ba? Amsar tana cikin irin zaman da Rumawa suka yi a kowace ƙasa.

Faransa a lokacin sunanta Gol. Yuliyas Kaisar ya ci ta da yaƙi tsakanin shekara ta 58 da ta 50 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Birtaniya kuwa leƙa ta kawai ya yi sau biyu, a 55 da 54, ya juya. Sai a shekara ta 43 Miladiyya Sarki Kalaudiyas ya aiko da rundunar da ta kafa mulki. Ka ga Gol ta ba ta ratar kusan shekara ɗari.

Amma a ganina ba tsawon zama ne ya yanke hukunci ba. A Gol, masu faɗa a ji na ƙasar sun rungumi Rum hannu biyu. Shi kansa Kalaudiyas a birnin Liyon na Gol aka haife shi, kuma a shekara ta 48 ya tsaya gaban majalisar dattawan Rum yana neman a ba manyan Gol kujeru a cikinta. An zana jawabin a kan allon tagulla, yana nan a Liyon har yau. Sojoji suna can bakin kogin Rayin suna tsaron iyaka, cikin ƙasa kuwa birane ne da kasuwanni da makarantu, mutane suna ciniki da shari'a da Latin har ya shiga cikin gidajensu.

Birtaniya ba ta kwanta haka ba. A shekara ta 60 ko 61 Sarauniya Budika ta ƙabilar Iseni, bayan an yi mata bulala an ci zarafin 'ya'yanta mata, ta tayar da bore ta ƙone Kolcesta da Landan da garin da ake kira St Albans yanzu. Masu haƙar tarihi a Landan har yau suna cin karo da jar ƙonanniyar ƙasa ta wannan gobara. Dole Rum ta girke manyan runduna uku, a York da Cesta da Kaliyon, sannan a 122 Sarki Hadiriyan ya sa aka fara ganuwar arewa mai tsawon kilomita 117. Sarki Sabtimiyas Seberas, haifaffen Libiya, a York ya rasu a 211 yana fama da ƙabilun arewa.

A sansanin Bindolanda kusa da ganuwar an tono siraran allunan katako da aka rubuta da tawada. A wani an aiko wa soja safa da takalma da ɗan kamfai. A wani matar wani kwamanda tana gayyatar ƙawarta bikin ranar haihuwarta. Latin ne tsantsa, amma na bariki. Ba a ce babu birane ba, akwai su, ga ɗakunan wanka na garin Bath shaida. Sai dai yawancin arzikin ya rataya ne a kan albashin soja da harajin gwamnati.

Shi ya sa da mulkin ya yanke wajen shekara ta 410, abin ya rushe da sauri. Tsabar kuɗi ta daina shigowa, manyan wuraren ginin tukwane suka mutu, Landan ta kusa zama kufai. Angulawa da Saksonawa suka ƙetaro daga arewacin Jamus da Denmak da harshensu, shi ne kakan Ingilishi. A Gol ma baƙi sun shigo, wato Farankawa, amma sun tarar da birane a tsaye da limaman coci suna riƙe da su. Sarkinsu Kulobis ya karɓi Kiristanci, jikokinsu suka koma magana da bakin talakawan da suka ci da yaƙi.

Abin da ke taɓa ni shi ne 'yan asalin Birtaniyar, waɗanda ake yawan mantawa da su. Harshensu bai mutu ba, ya tsira a Wales, kuma yana ɗauke da ɗaruruwan kalmomin Latin da ya aro tun Rumawa na nan. Kalmomin Latin da suka cika Ingilishi kuwa galibi daga baya suka shigo, ta hanyar coci bayan mai wa'azin Kiristanci Agustin ya zo yankin Kent a 597, da kuma ta bakin Normawa, mutanen Normandi ta Faransa, da suka ci Ingila a 1066. Abin da Ingila ta gada kai tsaye ya fi yawa a ƙasa: miƙaƙƙun hanyoyi irin Watling Street da titin A5 ke bi, da garuruwa irin Mancesta da Lankasta da suka tashi a kan sansanonin soja.